Alamar Malami Ɗaya

Ranar da Namadi ya fara ganin Balkisu, ya riga ya san rubutun hannunta kamar nasa. Fuskar ce kawai bai sani ba.

A Mayahi ne, wajen taron malamai na farkon shekarar karatu. Ya iso a makare a bayan moto, wato babur ɗin haya, yashi har cikin aljihunsa, ya raɓa ya zauna a bencin ƙarshe. Dama can shi mutumin bencin ƙarshe ne.

Wani ɗan gaye mai ba da horo daga Tasawa, Sharifu sunansa, shi ke jan taron. Ya yi ta zuba Faransanci har aka fara hamma, sannan ya ce, "Madam Balkisu, taso ki nuna musu abin nan naki."

Wata siririya mai mayafi ruwan ƙasa ta miƙe, ta ɗauki alli, ta rubuta a tablo: #malami_ɗaya.

Namadi ya ɗago kai da sauri. Wannan rubutun, ko daga barci aka tashe shi zai shaida shi.

Makarantar Namadi tana Tudun Kalgo, wani ɗan ƙauye arewa da Isawan. Rumfar kara ce guda ɗaya. Shi ne direkta, shi ne mai aji, shi ne mai buga ƙarfen tashi. Yara manya da ƙanana duk a tabarma ɗaya, wasu ’ya’yan manoma, wasu ’ya’yan ruga kamarsa. Mutanen garin suna girmama shi ƙwarai, kuma girman nan ne ya raba shi da su: kowa "sannu Mushe", yadda ake kiran malamin boko a nan, babu mai zama ya yi hira da shi. In yara suka watse da rana, sai ya rage daga shi sai kukan kurciya. Kaɗaici ya ci shi har ya saba magana da butarsa.

Akwai wani shafi a intanet inda malamai ke zuba takardun shirin darasi, waɗanda suke ce wa fish. Takardu ne jibge, dubbai, amma yawancinsu hotuna ne babu suna babu bayani. Namadi kan hau tudun yashin bayan rijiya, inda nan kaɗai rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa, ya yi ta jan allon waya da yatsa har kiredinsa ya ƙare bai samu abin da zai yi masa amfani ba. Duk abin da ya buɗe na masu ajin siminti ne, masu littafi a gaban kowane yaro.

Wata rana, don haushi kawai, ya rubuta "malami ɗaya" a wurin nema. Sai ga takardu sun jeru reras, duk da rubutun hannu iri ɗaya, duk daga wata B. Tchaké. Yadda za ka ba manya aiki ka juya ga ƙanana. Yadda za ka koyar da haruffa a kan yashi in alli ya ƙare. Ranar Namadi ya daɗe zaune a kan tudun nan. Ashe akwai wani mahaluki a duniya da ya san irin ranakunsa.

Ga ta yau tsaye a gabansa, tana kaɗe alli daga yatsunta.

"Abin ba wuya," in ji ta. "In ka ɗora fish, kada ka sake ta haka nan. Ka liƙa mata alama, kalma ɗaya ko biyu, da ɗan shingen nan a gaba. Wane aji ne, wane darasi ne, kuma a wane hali kake koyarwa. Duk wanda ya taɓa alamar, takardun da ke ɗauke da ita za su taru a gabansa, kamar an watsa wa kaji tsaba."

Wani daga gaba ya ce, "Yo sunan aji bai isa ba?"

"Ya isa ga mai benci da littafi, Mushe. Mai rumfa fa? Shi ba darasin kaɗai yake nema ba, yana neman wanda ya taɓa koyar da shi a rumfa."

Aka yi tafi sama-sama, aka tashi cin abinci. Namadi ya yi ta kewaya wurin kamar mai neman takalminsa, har dai ya tsaya a gabanta.

"Madam, sannu da aiki."

"Yawwa Mushe, sannunmu."

"Akwai kuskure a fish ɗinki ta lissafi."

Samari kan fara da yabon ido ko na murya. Namadi, bawan Allah, da gyara ya fara.

Ta ɗaga gira. "Ina ji."

"Kin ce a tambayi yaro shanu nawa ke garken babansa. A ruga ba a faɗin wannan. Ni da nake ɗansa ban taɓa jin mahaifina ya ƙidaya su da baki ba. In kika tambaya, yara za su yi shiru, washegari kuma ba za a turo su ba."

Balkisu ta dafe ƙirji. "Shi ya sa! Wallahi wasu yara sun daina zo mini, na yi ta tunanin mi na yi musu." Ta ƙura masa ido. "Tsaya. Kai ne N. Kalgo, mai sauke duk abin da na ɗora bai taɓa cewa ko marsi, ko na gode ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne."

"To, ba ni lambarka. Tunda ka iya gyara, ka samu aiki."

Saƙonta na farko ya same shi a kan tudu bayan kwana kaɗan.

"Mushe mai gyara, na mai da shanun sun koma duwatsu. Na je rugar na ba da haƙuri, yaran sun dawo. Tsohuwarsu har da ba ni nono. Na gode."

Ya karanta ya sake karantawa, sannan ya rubuta: "Madalla. Allah ya taimaka." Ya tura, ya ji haushin kansa har yamma.

Haka suka ɗore. Ita tana wani ƙauye kusa da Tchaké, ita ma ita kaɗai, an sauke ta a gidan mai gari. Iyayenta suna can Hawandawaki, manoma ne gaba da baya. Ta sa masa suna Ɗan Fillo, shi kuma da ƙyar da jiɓin goshi ya samo mata ’Yar Gero. Ta matsa masa sai da ya fara ɗora nasa takardun: waƙar ƙidaya da Fillanci da Hausa, labarin rijiya don koyon karatu. Duk ya liƙa musu #malami_ɗaya. A faɗin shafin nan, su biyu kaɗai ke amfani da alamar.

Wani lokaci sukan haɗu ranar kasuwar Mayahi. Ya kawo mata cuku a ƙulle cikin takarda, ta kawo masa ƙuli-ƙuli, su tsaya a inuwar masu sai da tabarmi.

"Ɗan Fillo, ka rame."

"Zafi ne."

"Wa ke dafa maka?"

"Ni."

"Shi ya sa. Kuma da wa kake hira?"

Ya yi ɗan murmushi. "Da ke, in rezo ya yarda."

Ta kau da kai tana gyara mayafi, amma ya ga murmushin. Nan ne iyakar abin da bakinsa ya iya. Namadi ya tashi a gidan da ba a faɗin so da baki, inda uwa ma ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ko a saƙon waya, in ya rubuta kalma mai taushi sai ya goge, don yana jin kamar tana kallonsa.

Amma takardar darasi ba ta da ido. Wata rana da yara suka tashi, ya gama rubuta fish ta kimiyya, ya ga sauran fili a ƙasa, sai hannunsa ya rubuta da ƙananan baƙi:

"’Yar Gero, yau wata yarinya ta karanta layi guda ita kaɗai. Na juya in gaya wa wani, babu kowa. Ke na so in gaya wa."

Ya ɗauki hoto ya ɗora, da alamarsu.

Amsarta ta zo ta waya: "Mushe, na ga ƙarin darasin da ke ƙasan takarda. Ya fi na saman daɗi. Amma ka san shafin nan na kowa ne ko?"

"Wa zai nemi malami ɗaya, in ba ni da ke ba?"

"Haka ne kuma. To, ina jiran na gaba."

Daga ranar kowace fish tasa tana da wutsiya. A ganinsa alamar nan ɗaki ce mai ƙyaure, su biyu a ciki. Ya manta abin da ita kanta ta faɗa a Mayahi: an yi alama ne don a samu abu, ba don a ɓoye shi ba.

Shi kuwa Sharifu bai zauna ba. Ya daɗe da sa ido a kan Balkisu, kuma shi ya san hanya: ya bi ta wurin kawunta, Mushe Lawali, wani tsohon direkta, har ya je Hawandawaki ya gai da mahaifinta, Malam Sirajo, da goro da sukari. Balkisu ta gaya wa Namadi da bakinta.

"Na ce masa a’a cikin mutunci. Amma Ɗan Fillo, shi an san fuskarsa a gidanmu. Kai ko sunanka ba a sani ba."

"In damina ta wuce."

"Allah ya kai mu," ta ce, muryarta a sanyaye.

Da bazara aka yi babban horon malamai a Tasawa. Ba a kira Namadi ba, Balkisu kuwa tana ciki. Sharifu ya kawo na’urar haska hoto a bango don ya nuna amfanin alama. Ya taɓa #malami_ɗaya, takardu suka jeru, ya buɗe ɗaya, ya faɗaɗa ta har ƙananan baƙin ƙasa suka zama manya kamar tafin hannu. Ko da gangan ya yi, ko tsautsayi ne, Allah kaɗai ya sani. Ba za a ɗauki alhakinsa ba. Abin da aka sani shi ne wani ya karanta da ƙarfi, "’Yar Gero, da zan iya, da na naɗe hanyar Tchaké na sa a aljihu," ɗakin kuma ya tuntsure da dariya. Babu wanda bai san wace ce mai alamar ba.

Namadi yana kan tudu saƙonni suka fara shigowa. Abokan aikin da ba su taɓa tambayar lafiyarsa ba, kowa da hoton fuskar dariya. Can ƙasa ya ga nata.

"Kawu Lawali yana cikin ɗakin. Baba ya ji. An ce ana karanta sunana a bango kamar tallar magani. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba. Don Allah kada ka kira ni."

Ya kira duk da haka. Wayar a kashe.

Washegari ya hau tudun da niyyar goge duk abin da ya taɓa ɗorawa. Da ya taɓa alamar sai ya tarar ta cika. Malamai daga Dakoro, daga Tanut, daga ƙauyukan da bai taɓa jin sunansu ba, kowa ya ɗora tasa fish. Wani ya rubuta: "Ni ma ni kaɗai ne a rumfa, na ɗauka ni kaɗai ne a ƙasar." Wata ta roƙi a ƙaro waƙar ƙidayar Fillanci. Hannun Namadi ya kasa gogewa. Sai ya zauna ya sake rubuta takardun ɗaya bayan ɗaya babu wutsiya, ya ɗora sababbin, ya cire tsofaffin.

Alamar ta yi jama’a, abin da Balkisu ta daɗe tana fata. Amma ita ba ta ƙara ɗora komai ba. Kullum Namadi zai duba, ya ga sunaye rututu, babu B. Tchaké. Bai taɓa jin kaɗaici irin na cikin taron nan ba.

Aka rufe makarantu, ruwa ya sauka, ya bi iyayensa arewa da shanu. Yana kiwo jiki babu laka, abinci sai an matsa masa. Mahaifiyarsa Inna ta zuba masa ido kwana da kwanaki, ba ta tambaye shi komai ba, don ba a yin haka. Sai ta je ta samu ƙanin mijinta, Baffa Shu’aibu, ta ce, "Yaron nan jikinsa kaɗai ya zo mana. Ka bincika inda ya baro sauran."

Baffa Shu’aibu ya bincika, ya ɗaura rawani, ya tafi Hawandawaki. Ya dawo fuska babu walwala.

"Malam Sirajo ya karɓe ni da mutunci, ya ba ni hura. Amma ya ce shi bai san ana neman aure a bango ba. Ya ce wanda bai iya sallama a ƙofar gida ba, ya iya shela a gaban malaman ƙasa duka. Kuma ya ce tsakaninsa da masu shanu akwai tsohuwar magana."

Namadi ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya bi shanu, ya yi nisa inda babu mai ganin idonsa.

Sai da gero ya fara nuna sannan saƙo ya shigo, ranar da ya je kasuwar Isawan sayen gishirin dabbobi.

"Ɗan Fillo, ina fatan kana lafiya. Na yi fushi da kai, na kuma yi fushi da kaina, don na ga ramin na bar ka ka taka. Fushin ya ƙare, kewar ba ta ƙare ba. Na ce wa Baba ya yanke maka hukunci a kan maganar da bai ji ba, dariyar mutane kawai aka kawo masa. Ya yi kwana biyu bai kula ni ba. Yau ya ce ka zo da kanka, da takardun na asali, ka karanta masa da bakinka. Ya ce abin da ka iya faɗa wa duniya, ka iya faɗa masa. Na san abin da wannan yake a wurinka. In ba za ka iya ba, ba zan ga laifinka ba. ’Yar Gero."

Ya tsaya tsakiyar kasuwa da wayar a hannu, masu jakuna suna ta yi masa tsawa ya kauce. Ya karanta wa uban yarinya kalaman so, a gaban baffansa? A rugarsu, saurayi in ya hango surukinsa daga nesa, hanya yake sakewa. Da a ce masa ya shiga rijiya da ka, da ya fi masa sauƙi.

Ya rubuta: "Ina zuwa."

Da hantsi suka isa Hawandawaki, shi da Baffa Shu’aibu. Malam Sirajo yana zaune a inuwar rumbunsa yana gyaran igiyar ɗaurin dami, dattijo ne baƙi kakkaura mai farin gemu. Kawu Lawali yana gefe da tabarau a hanci. Aka gaisa, aka tambayi ruwa, aka tambayi dabbobi, Namadi yana durƙushe can bakin tabarma.

"Kai ne mai rubutun?" in ji Malam Sirajo.

"Ni ne, Baba."

"To. Ni ban yi lakwal ba, bokonku ban san shi ba. Lawali, matsa kusa da shi ka duba, kada ya tsallake mini ko kalma guda. Bisimilla, yaro."

Namadi ya zaro takardun. Baffa Shu’aibu ya ja rawani ya rufe baki, ya juya yana kallon wani zakara kamar bai taɓa ganin zakara ba.

"’Yar Gero," ya fara, muryar kamar ta mai zazzaɓi.

"Wa ke nan?"

"Ita ce, Baba."

"Ɗiyar tawa ce gero? To, ba ka yi ƙarya ba, da shi anka rene ta. Ci gaba, kuma ka ɗaga murya, kunnena guda ya mutu."

Ya ɗaga. Ya karanta ta farko, ya karanta ta hanyar Tchaké wadda aka yi wa dariya. Ya karanta wata: "Yau iska ta ɗauke rabin rumfa. Na gyara ni kaɗai. Ban ji wuyar aikin ba, wuyar rashin mai cewa sannu na ji." Ya karanta wata: "Kin ce tari na damun mahaifinki. Akwai saiwar da Inna ke dafawa, zan kawo miki ranar kasuwa."

Malam Sirajo ya ɗago. "Ashe kai ne mai saiwar nan mai ɗacin tsiya?"

"Ni ne, Baba."

"Hm. Ci gaba."

A bayan danga an ji motsin mata, wata ta yi ƙaramar dariya aka ce mata shit. Namadi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Saura takarda ɗaya, ita ce ta ƙarshe da ya ɗora kafin taron Tasawa. Ya dube ta, ya dubi baffansa, sannan ya karanta.

"Balkisu, ina tsoron gidanku. Ni ɗan ruga ne, abin da na mallaka alli ne da rumfar da ba tawa ba. Ina tsoron mahaifinki ya dube ni ya ga bai ga komai ba. Amma ba daidai ba ne in yi ta faɗa miki abin da shi bai sani ba. Daga wannan na yi shiru, sai na turo Baffa ya yi sallama a ƙofarsa. In ya ce a’a, zan yi masa biyayya, ko da zan ƙare rayuwata ina magana da buta."

Malam Sirajo ya ajiye igiyar.

"Lawali, haka takardar ta ce?"

"Haka ta ce, Yaya."

"Wagga kuma, kun karanta ta a bangon?"

Kawu Lawali ya cire tabarau yana gogewa. "Ba a kai nan ba. Dariya ta hana."

"Ɗaki cike da malamai, dariya ta hana ku kai ƙarshen karatu, kuma kunka kwaso rabi kunka kawo mini." Ya girgiza kai, ya juya ga Namadi. "Kai kuma wauta ka yi, ba iskanci ba. Maganar da ta dace da kunnen mutum guda ka rataye ta inda kowa ke wucewa. Ɗiyata ta yi kuka saboda kai, wannan ban yahe ba tukuna."

"Na yi kuskure, Baba."

"Ka yi." Ya dubi Baffa Shu’aibu. "Saura tsohuwar magana. Shanunku sun taɓa cinye mini gero ana gobe girbi."

Baffa Shu’aibu ya sauke rawani daga bakinsa. "Ban musa ba, Malam, ko da ba namu ba ne, na ’yan’uwa ne. Amma da rani shanun wa ke kwana a gonarka su bar maka taki?"

Gemun Malam Sirajo ya fara motsi. Sai dariya ta ƙwace masa, ta taso da tarin nan nasa.

"Ku dawo bayan an ɗaure dami," ya ce da ya samu numfashi. "Ku zo da manyanku. Kuma a taho da saiwar nan."

Ba su kai bakin gari ba wayar Namadi ta yi ƙara.

"Ina bayan danga. Na ji duka. Muryarka ta yi rawa amma ba ka tsallake ko ɗaya ba. Sannu, jarumina."

Ya rubuta amsa ya goge, ya sake rubutawa ya goge. Daga ƙarshe ya tura: "Sannu ke ma." Baffa Shu’aibu, da ke leƙe ta kafaɗarsa, ya yi tsaki ya ce Allah ya shirya.

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Sirajo. Manoma da makiyaya suka cika tabarmi, malamai suka zo a kan babura har daga Dakoro, wasunsu ba su taɓa ganin ango ko amarya ba, a ƙarƙashin alamar kawai suka san su. Sharifu ma ya aiko da gaisuwa, shi ya san abin da ke ransa. Da aka shafa fatiha, Malam Sirajo ya kamo hannun Namadi ya riƙe.

"Na ba ka ita amana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri’a mai jin magana. Kuma daga yau, abin da za ka hwaɗa mata, ka hwaɗa mata a kunne."

Aka kai amarya Tudun Kalgo, ɗakin da mutanen gari suka taru suka yaɓe musu. Takardar neman a dawo da aikinta kusa da mijinta tana can ofis, an ce a yi haƙuri, su kuma haƙuri ba baƙonsu ba ne.

Da safe, bayan ’yan rakiya sun kama hanya, Namadi ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa. Balkisu tana zaune a bakin gado, lalle har gwiwar hannu, tana kallonsa ta ƙasan mayafi.

"Mushe, yau babu takarda, babu waya. Ga ni, ga ka."

Ya dubi rufin ɗaki, ya dubi ƙasa. Sannan ya matso ya durƙusa kusa da ita.

"Balkisu, ina son ki."

"Ban ji ba, Ɗan Fillo. Awakin garin nan sun cika kuka."

Babu akuyar da ta yi kuka. Ya sani, ta san ya sani. Ya sake faɗa, wannan karon muryarsa ba ta yi rawa ba, ita kuma ta sa hannu ta rufe fuska tana dariya da hawaye tare.

Allah ya zaunar da su lafiya, ya sa albarka a gidansu da rumfarsu, ya kuma haɗa kowane mai kaɗaici da wanda zai ce masa sannu.